Darasi: Jirage Goma Sha Uku da Malaman Kan Dutse, Labarin Yaƙin Koriya da Japan na 1592

A watan Mayun 1592, masu gadin ganuwar Busan, garin da ke bakin teku a kudu maso gabashin Koriya, suka hangi ruwa ya yi baƙi ƙirin da jirage. Ɗaruruwa ne, kuma somin-taɓi ne kawai. Kafin a ankara, sojojin Japan kimanin 158,000 sun tsallako. Wanda ya turo su shi ne Toyotomi Hideyoshi, mutumin da bai daɗe da haɗe kan Japan ba bayan fiye da shekara ɗari ana yaƙin basasa. Burinsa ya ci ƙasar Sin, wadda daular Ming ke mulka a lokacin, don haka ya nemi Koriya ta ba shi hanya. Koriya ta ƙi. Sai ya ƙudura zai bi ta kanta ko tana so ko ba ta so.

Sojojin da ya turo a cikin yaƙi suka tashi, kuma suna riƙe da bindigogin da Japanawa suka koyi ƙerawa daga Turawan Fotugal tun 1543. Ita kuwa Koriya ta yi shekara ɗari biyu ba ta ga babban yaƙi ba, tun kafuwar daular Joseon a 1392. Manyan fada sun rabu gida-gida, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami. Cikin kwana ashirin babban birni, wanda yau ake kira Seoul, ya faɗi. Sarki Seonjo ya sulale cikin duhu da ruwan sama ya nufi Pyongyang, daga nan ya zarce har Uiju a kan iyakar Sin. Talakawan birnin, don haushi, suka cinna wa fadojin sarki wuta, har da ofishin da ake ajiye takardun sunayen bayi.

Wannan darasi ya shafi waɗanda suka tsaya bayan sarki ya gudu. Ɗaya kwamandan jiragen ruwa ne da aka taɓa tuɓe wa muƙami. Sauran kuma malaman addinin Buddha ne masu zuhudu, waɗanda dokar ƙasa ta hana su ko shiga babban birni. Ba su ne 'yan lelen gwamnati ba, amma a hannunsu ƙasar ta tsira.

Mutumin da ya ƙi sare itace

An haifi Yi Sun-sin a Seoul a 1545, ya kuma girma a garin Asan. Gidansu gidan karatu ne, amma shi aikin soja ya zaɓa, a zamanin da ake ganin mai alƙalami ya fi mai takobi daraja nesa ba kusa ba. A 1572 ya shiga jarrabawar zama hafsa, dokinsa ya kayar da shi, ƙafarsa ta karye. Labarin ya nuna cewa ya ɗaure ƙafar da ɓawon itace ya ci gaba, amma duk da haka bai ci ba. Sai a 1576 ya samu, yana da shekara talatin da 'yan kai, ya soma aiki a ƙananan sansanoni na iyakar arewa.

Tun da wuri aka gane ba ya lanƙwasuwa. Yana riƙe da wani ƙaramin sansanin ruwa mai suna Balpo, shugabansa ya aiko a sare wani itace da ke harabar sansanin domin a yi masa abin kiɗa mai tsirkiya. Yi ya mayar da 'yan aiken, ya ce itacen na gwamnati ne. Irin wannan hali ya sa ƙarin girma ya riƙa wuce shi. A 1587, bayan wani hari da ƙabilar Jurchen suka kai a tsibirin Nokdun, wani babban hafsa ya ɗora masa laifin da ba nasa ba, aka yi masa bulala, aka tuɓe masa muƙami aka ce ya yi yaƙi kamar kurtu.

Abin da ya cece shi abokin ƙuruciyarsa ne, Ryu Seong-ryong, wanda ya zama babban minista. Shi ya sa baki a 1591 aka ba Yi shugabancin rundunar ruwa ta gabashin lardin Jeolla, mai mazauni a Yeosu. Bai taɓa jagorantar yaƙin ruwa ba. Shekara guda da 'yan watanni ya samu kafin Japanawa su iso, kuma bai ɓata ko yini ba: ya zagaya sansanoni yana duba ganuwa da rumbuna, ya ƙirga kibau, ya tara albarushi, ya hukunta hafsoshin da ya samu da sakaci. Littafinsa na yau da kullum ya nuna an gwada harba igwa daga sabon jirginsa kwana ɗaya tak kafin maƙiya su bayyana a Busan.

Yadda aka yi yaƙin ruwa

Ya kamata mai karatu ya fahimci bambancin jiragen ɓangarorin biyu, domin a nan sirrin yake. Japanawa gwanayen takobi ne. Dabararsu ita ce su matso da jirgi mara nauyi, su yi harbi da bindiga, su haura jirgin abokin gaba, su gama da shi hannu da hannu. Babban jirgin yaƙin Koriya kuwa, wanda ake kira panokseon, dogo ne mai bene, matuƙa a ƙasa, mayaƙa a sama. Da katako mai kauri aka yi shi, aka haɗa da turakun itace maimakon ƙusoshin ƙarfe masu tsatsa, saboda haka yana jure girgizar igwa. Gindinsa a shimfiɗe yake, yana iya juyawa a inda yake tsaye: ya harba igwar gefe ɗaya, ya juya ya harba ta ɗaya gefen yayin da ake ɗura ta farko. Yi ya gane cewa muddin ya hana Japanawa matsowa, takubbansu ba su da amfani.

Sai kuma jirgin da ya fi suna, jirgin kunkuru, wanda ya gyara ƙirarsa tare da wani hafsansa mai suna Na Dae-yong. An rufe samansa ruf, an kafa tsinin ƙarfe a kan rufin, an sa kan dodo a goshinsa. Aikinsa ya kutsa tsakiyar maƙiya ya wargaza sahunsu, duk wanda ya yi tsalle ya hau shi kuma ya faɗa kan tsini. Irinsa ba su da yawa, ba su wuce 'yan ƙalilan ba a farkon yaƙin, kuma panokseon ne suka yi mafi yawan aikin.

A watan Yunin 1592 ya far wa Japanawa a Okpo, ya hallaka jirage 26 ba tare da ya rasa ko ɗaya ba. A Sacheon harsashi ya same shi a kafaɗar hagu, bai bar fagen ba sai da aka gama. Babbar nasarar ta zo a watan Agusta kusa da tsibirin Hansan. Jiragen Japan 73 ƙarƙashin Wakisaka Yasuharu suna fake a wani matsattsen mashigi inda manyan jiragen Koriya ba za su sake ba. Yi ya tura jirage kaɗan suka tsokane su, suka yi kamar sun tsorata suka juya. Japanawa suka biyo su a guje har fili. Nan rundunar Koriya ta buɗe kamar fikafikan gauraka, ta yi musu zobe, igwa ta soma ruwa daga ko'ina. Jirage 59 aka nutsar ko aka kama.

Amfanin wannan nasara ya wuce ƙirgar jirage. Sojojin Japan da suka kai Pyongyang suna jiran abinci da makamai da ƙarin mayaƙa ta tekun yamma. Yi ya toshe wannan hanya. Ya kuma kare Jeolla, rumbun shinkafar ƙasar. Hideyoshi da kansa ya umarci jiragensa su daina tarar rundunar Koriya a fili.

Addinin da aka kora zuwa duwatsu

Yanzu sai mu bar teku mu hau dutse. Addinin Buddha ya samo asali daga koyarwar Siddhartha Gautama, ɗan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Mabiyansa sun yi imani cewa kwaɗayi da jahilci su ne tushen wahala, kuma ana kuɓuta ta hanyar tsare kai, tausayi da tattara hankali. Masu zuhudunsu suna aske kai, ba sa aure, ba sa tara dukiya, kuma alkawarin farko da suke ɗauka shi ne ba za su kashe mai rai ba. Addinin ya shiga Koriya a shekarar 372, ya yi kusan shekara dubu yana da gata a fada. Har yau a gidan ibada na Haeinsa akwai allunan katako fiye da 81,000 da aka sassaƙa littattafan addinin a kansu a ƙarni na 13.

Da daular Joseon ta zo, sai al'amari ya juye. Sababbin masu mulki mabiya koyarwar Konfushiyas ne, suna ganin masu zuhudu cima-zaune ne da suka guje wa iyaye da haraji. Aka ƙwace gonakin gidajen ibada. A 1424 aka taƙaita manyan gidajen da gwamnati ta yarda da su zuwa 36. Aka hana masu zuhudu shiga babban birni, aka riƙa sa su aikin tilas, kamar yin takarda da ɗaukar kaya. Waɗanda suka rage suka koma can cikin duwatsu.

A wannan yanayi Hyujeong ya tashi, wanda Koriyawa suka fi sani da Seosan. An haife shi a 1520, ya zama maraya yana ɗan shekara goma ko ƙasa da haka. Wani hakimi ya ga hazaƙarsa ya kai shi Seoul karatu, amma bai ci jarrabawar aikin gwamnati ba. Ya tafi yawo dutsen Jiri, ya haɗu da malaman Buddha, ya karanta littattafansu, ya aske kai. Daga baya an ba shi shugabancin masu zuhudu na ƙasar, ya riƙe na ɗan lokaci ya ajiye, yana ganin muƙami ba shi ne abin da ya fito nema ba. Ya koma dutsen Myohyang yana karantarwa. A zamaninsa ana jayayya tsakanin masu cewa karatun littattafai ne hanya da masu cewa zaman shiru da tattara hankali ne. Seosan ya koyar da cewa da karatu ake shiga, amma wanda ya tsaya a karatu bai aikata ba bai isa ko'ina ba. Littafinsa Seonga Gwigam har yau ana karantar da shi, kuma mafi yawan masu zuhudun Koriya na yanzu ta kansa suke jan salsalar malamansu.

Shi ma bai tsira daga sharrin fada ba. A 1589 aka yi masa ƙazafin hannu a wani yunƙurin tawaye, aka kulle shi, sai da sarki ya duba maganar da kansa aka sake shi.

Shekara uku bayan haka, sarkin nan, yana gudun hijira a Uiju, ya aika a kira masa tsohon. Seosan ya haura shekara saba'in. Ya sauko daga dutse, aka naɗa shi shugaban mayaƙan masu zuhudu na larduna takwas na ƙasar, ya aika takarda zuwa gidajen ibada yana kira a tashi. Kimanin mutum 5,000 suka amsa. Almajirinsa Yeonggyu ya haɗa kai da wani malamin Konfushiyas mai suna Jo Heon suka ƙwato garin Cheongju, sannan dukansu suka mutu a Geumsan. Wani almajirin, Cheoyeong, ya yi yaƙi a Haengju tare da Janar Gwon Yul. Da sojojin Ming suka kawo ɗauki ƙarƙashin Li Rusong, masu zuhudu na cikin waɗanda suka ƙwato Pyongyang a farkon 1593, kuma sanin da suka yi wa hanyoyin duwatsu ya yi amfani ƙwarai.

A nan akwai tambaya mai nauyi da bai kamata a tsallake ba. Yaya mutumin da ya yi alkawarin ba zai kashe ko ƙwaro ba zai ɗauki mashi? Masu goyon bayan Seosan sun ce tausayin da addinin ke koyarwa ba zai bari a zauna ana kallon ana yanka talakawa ba, kuma gara malami ya ɗauki nauyin karya alkawari a kansa da a bar dubbai su halaka. Amma ba kowa ya yarda ba. Wani almajirin Seosan, Ilseon, ya nuna baƙin cikinsa a fili ganin masu zuhudu sun saba da kayan soja sun manta da abin da ya kai su dutse, har ya rubuta wa ɗan'uwansa a karatu yana roƙonsa ya ajiye muƙami ya dawo. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, a ɗaya ɓangaren ma mabiya Buddha ne. Kato Kiyomasa, ɗaya daga cikin janar-janar ɗin Japan mafi tsanani, mai riƙo ne da addinin. Wani mai zuhudu Bajapane, Keinen, wanda ya raka rundunar a 1597 a matsayin likita, ya rubuta takaicinsa kan yadda ya ga dillalan bayi suna kora maza da mata da yara da igiya a wuya. Har yau malaman addinin ba su daina muhawara a kan wannan ba.

Inda teku da dutse suka haɗu

Shi Yi Sun-sin tarbiyyar Konfushiyas ya samu, amma bai raina masu zuhudu ba. Tun a shekarar farko ya aika wa gidajen ibadar kudu, kuma cikin wata guda kimanin mutum 400 suka taru. Wasu ya ba su tsaron mashigan duwatsu, wasu ya sa su a jirage. A rahotanninsa ga sarki ya ambaci shugabanninsu, irin su Samhye da Uineung, ya nemi a saka musu, yana nuna cewa ba tilasta su aka yi ba, kuma sun fi wasu sojojin albashi himma. Gidan ibada na Heungguksa da ke Yeosu ya zama sansaninsu.

Yana buƙatar kowane hannu, domin fada ba ta aiko masa da komai. Da aka ba shi shugabancin rundunonin ruwa na larduna uku a 1593, ya mayar da tsibirin Hansan gari mai ciyar da kansa. Ya zaunar da 'yan gudun hijira a tsibirai suka yi noma, ya sa aka kama kifi, aka dafa gishiri, aka sayar aka sayi hatsi. Annoba ta kashe masa mutane da yawa a 1594, shi ma ya kwanta. Mai tsanani ne, wanda ya gudu daga aiki yakan rasa kansa. Amma Ryu Seong-ryong ya shaida cewa ɗakin shawararsa a buɗe yake, ko ƙaramin soja na iya shiga ya faɗi abin da ya gani.

Sakayyar fada

A farkon 1597, bayan tattaunawar sulhu tsakanin Japan da Sin ta rushe, Japanawa suka gane ba za su iya da shi a ruwa ba, sai suka bi ta fada. Wani ɗan leƙen asirinsu mai suna Yoshira ya kai labarin cewa Kato zai tsallako a rana kaza ta wuri kaza. Sarki ya umarci Yi ya je ya tare shi. Yi ya san wurin cike yake da duwatsun ƙarƙashin ruwa, ya kuma shinshino tarko, bai fita yadda aka so ba. Maƙiyansa na fada, waɗanda suka daɗe suna jira, suka samu abin da suke nema. Aka kai shi Seoul a ɗaure, aka azabtar da shi, aka yi niyyar kashe shi. Wani dattijon minista, Jeong Tak, ya roƙa aka bar shi da rai. Karo na biyu ke nan aka mayar da shi kurtu. Kwanaki kaɗan da fitowarsa, mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara tamanin, ta rasu a cikin jirgi a hanyarta ta zuwa ganinsa. Ba a bar shi ya zauna makoki yadda al'ada ta tanada ba.

Wanda ya gaje shi, Won Gyun, ya daɗe yana kushe shi. Fada ta matsa masa ya kai hari, ya kwashi rundunar da aka yi shekaru ana ginawa ya fita da ita. A watan Agustan 1597, a Chilcheollyang, Japanawa suka murƙushe ta cikin dare, Won Gyun ya mutu. Jirage 12 kawai suka tsira, su ma don kwamandansu ya janye da wuri.

Sarki ya mayar da Yi kan muƙaminsa, sannan aka ce masa ya watsar da rundunar ruwa ya koma yaƙin ƙasa. Ya amsa cewa har yanzu yana da jirage goma sha biyu, kuma muddin yana raye maƙiya ba za su raina su ba. Ya samu ƙarin jirgi ɗaya. Ya zaɓi mashigin Myeongnyang, tsakanin tsibirin Jindo da gaɓar ƙasa, wanda faɗinsa a wuri mafi ƙunci bai fi mita 300 ba, ruwa na gudu a cikinsa da ƙarfin gaske, kuma bayan 'yan sa'o'i yakan juya ya koma inda ya fito. Kamar ƙofar gari ce da garke ba ya shiga sai 'yan kaɗan-kaɗan.

Ranar 26 ga Oktoban 1597 jiragen yaƙin Japan 133 suka shigo. Tsoro ya kama kwamandojin Yi suka ja baya, jirginsa ya daɗe yana fafatawa shi kaɗai. Ya ɗaga tuta ya kira su da suna, ya tambayi ɗaya daga cikinsu, An Wi, ko yana tsammanin gudu zai cece shi. Suka matso. Da ruwa ya juya, jiragen Japan suka riƙa karo da juna a matsatsi, igwa na cin su. Jirage 31 suka hallaka, kwamandansu Kurushima Michifusa ya mutu, Yi bai rasa jirgi ko ɗaya ba. Hanyar tekun yamma ta sake toshewa. Ba a daɗe ba Japanawa suka kai hari Asan, suka kashe ɗansa Myeon, saurayi ɗan shekara ashirin. Shafukan da ya rubuta a kwanakin nan ba na jarumin tatsuniya ba ne, na uba ne da ya nemi wurin da babu kowa domin ya yi kuka.

Hideyoshi ya mutu a watan Satumban 1598, aka umarci sojojinsa su koma gida. Yi ya ƙi yarda su tafi salin-alin. Ranar 16 ga Disamba, tare da rundunar Ming ƙarƙashin Chen Lin, ya tare jiragen Shimazu Yoshihiro a mashigin Noryang. Gari na wayewa, ana bin maƙiya, harsashi ya same shi. Ya ce wa waɗanda ke kusa kada a sanar da mutuwarsa tun da yaƙi na kan ganiyarsa. Ɗansa da ɗan ɗan'uwansa suka ɓoye gawar, aka ci gaba da buga ganga har aka gama. Masana tarihi sukan ƙirga masa karo 23 da maƙiya a ruwa, ba a ci shi a ko ɗaya ba.

Malamin da ya je ya dawo da bayi

Yaƙi ya ƙare, amma dubban Koriyawa suna Japan a matsayin bayi, cikinsu har da maginan tangaran da suka kafa sana'ar a garin Arita. A birnin Kyoto kuma akwai tudun da aka binne hancin mutum kimanin 38,000, waɗanda sojoji suka yanko domin shaidar yawan waɗanda suka kashe. Wa zai je ya yi magana da mutanen da suka yi haka?

Yujeong aka tura, wanda ake kira Samyeong, babban almajirin Seosan kuma wanda ya gaje shi a shugabancin mayaƙan. An haife shi a Miryang a 1544. Tun ana tsakiyar yaƙi, daga 1594, ya sha shiga sansanin Kato a Seosaengpo domin tattaunawa, yana fitowa da labarin ƙarfin maƙiya da sharuɗɗan da suke ƙullawa da Sin a bayan idon Koriya. Koriyawa suna ba da labarin cewa Kato ya tambaye shi wace taska ce mafi daraja a ƙasarsu, sai ya amsa masa cewa kan Kato ne, tun da an sa lada mai yawa a kansa. Zaɓensa ya yi wa fada daɗi ta fuska biyu: Japanawa suna girmama masu zuhudu, sannan idan tafiyar ta ɓaci, ana iya cewa ai ba jakadan sarki ba ne.

A 1604, shekarar da malaminsa ya rasu a dutsen Myohyang, Samyeong ya tashi yana da shekara sittin. Ya bi ta tsibirin Tsushima, a 1605 ya gana da sabon mai mulkin Japan, Tokugawa Ieyasu, a Fushimi. Ieyasu ya nuna cewa sojojinsa ba su shiga mamayar ba, kuma yana son zaman lafiya. Samyeong ya dawo da fursunoni; littattafan Koriya sun ce sun haura 3,000, wasu bayanan kuma sun kawo kimanin 1,400. Wannan tafiya ce ta share fagen tawagar farko ta 1607, kuma daga nan har 1811 Koriya ta aika tawagogi 12, ƙasashen biyu suka yi fiye da shekara ɗari biyu ba su yi yaƙi ba. Samyeong ya koma Haeinsa, ya rasu a can a 1610.

A 1604 ɗin ne kuma sarki ya fitar da sunayen waɗanda za a karrama. Waɗanda suka raka shi gudu zuwa Uiju mutum 86 ne, har da babannin fada da masu riƙe linzamin doki. Waɗanda aka karrama saboda yaƙi 18 ne kacal. A sahun farko an sa Yi Sun-sin da Gwon Yul, aka kuma jera su da Won Gyun, mutumin da rundunar ta halaka a hannunsa. A cikin goma sha takwas ɗin babu mai zuhudu ko ɗaya, ko da yake an ba Seosan da Samyeong laƙabobin girmamawa. Wannan rashin adalci ne tsagwaronsa, kuma ya nuna sarkin ya fi damuwa da wanke gudunsa fiye da yaba wa waɗanda suka tsaya. Ganin masu zuhudu sun iya aiki, sai gwamnati ta ɗora musu ginin ganuwar Namhan daga 1624 zuwa 1626 da gadinta. Dokar hana su shiga Seoul ba a ɗage ta ba sai 1895.

Jama'a ne suka riƙe sunayen. Wani mai zuhudu da ya yi yaƙi tare da Yi, Okhyeong, ya gina ɗan ɗakin ibada a Yeosu kusa da wurin tunawa da shi, ya ƙare rayuwarsa yana kula da wurin. A 1968 aka kafa mutum-mutumin Yi a dandalin Gwanghwamun da ke tsakiyar Seoul, fuskarsa tana kan kwabon won 100, kuɗin Koriya ta Kudu, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa littafinsa na yau da kullum, Nanjung Ilgi, cikin muhimman takardun tarihin duniya. Fim ɗin da aka yi kan yaƙin Myeongnyang a 2014 ya samu 'yan kallo fiye da miliyan 17 a Koriya ta Kudu.

Aikin aji

Kafin haɗuwa ta gaba, kowane ɗalibi ya nemi taswirar Asiya ya nuna Busan, Seoul, Pyongyang da tsibirin Jindo, ya kuma bayyana da bakinsa dalilin da ya sa toshe tekun yamma ya karya lagon Japanawa. Sannan a rabu gida biyu a aji, ɓangare ɗaya ya kare matsayin Seosan, ɗaya ya kare na Ilseon, kowa ya kawo hujjarsa daga cikin darasin. A ƙarshe kowa ya rubuta shafi guda a kan ko Yi Sun-sin ya yi daidai da ya ƙi bin umarnin sarki a 1597, ya zo da shi a karanta a gaban aji.